Ƙuri'ar Birnin Kudu: Daga Mabuɗi Zuwa Lema Da Tsintsiya

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wani taron 'yan Arewa mazauna Ikko, a kan yadda mutanen karkara suke zaɓe. An buga shi ne domin amfanin 'yan'uwa na Badun, Shagamu, Anaca, Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi waɗanda ba su sami halarta ba.



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tasoshin mota da rumfunan kasuwa na Kurmi, watau wai mutumin ƙauye ba shi da ra'ayin kansa a siyasa. Wai inda aka kaɗa shi nan yake bi: in an ba shi sabulu da taliya ya dangwala, in dagaci ya yi gyaran murya ya juya. Abin takaici kuwa, ba baƙi kaɗai ke faɗin haka ba, har da 'ya'yan ƙauyen da suka yi shekara 10 ko 20 a Agege ko Sabo ta Badun, suka saba da kwalta da lantarki, suka soma duban gida da idon raini. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a auna maganar nan da ma'aunin tarihi. Arewa tana da faɗi, saboda haka gari ɗaya za a ɗauka, a bi sawun ƙuri'arsa tun daga zamanin En'e har zuwa zaɓen 2023. Garin kuwa shi ne Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa.

GARIN DA MUTANENSA

Birnin Kudu yana kudu maso gabas da Kano, a kan hanyar da ta ratsa Wudil ta nufi ƙasar Bauchi. Gari ne na duwatsu, a jikin duwatsun nan kuwa akwai tsofaffin zane-zanen shanu waɗanda masana ke zuwa kallo. Yana da tsohuwar makarantar sakandare ta gwamnati wadda ta yaye manyan mutane, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote, yana kuma da babban asibiti na Gwamnatin Tarayya. Amma duk da haka, in aka gwada shi da Ikko ko Badun, ƙaramin gari ne na manoma da makiyaya, Hausawa da Fulani, waɗanda arzikinsu ya rataya a wuyan damina: gero, dawa, gyaɗa, wake, riɗi, da shinkafa a fadamu. Kewaye da shi akwai garuruwa da ƙauyuka irin su Babaldu, Sundimina, Wurno, Kantoga, Kiyako da Bamaina. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 300,000, akasarinsu kuwa a ƙauyukan suke zaune.

Za a dubi ƙuri'ar wannan wuri ta fuska biyu: wakilan da mazaɓarsa ta riƙa turawa majalisa, da kuma yadda jihar da yake ciki ta yi zaɓe, watau Jihar Kano da farko, sa'an nan Jihar Jigawa daga baya.

ZAMANIN EN'E

A zamanin Turawa, Birnin Kudu gunduma ce ƙarƙashin En'e ta Kano. Talakan gundumar ba ya ganin Gwamna, ba ya ganin Razdan. Gwamnatin da ya sani ita ce mai unguwa da dagaci da hakimi, da ɗan doka da alƙali; alamarta a wurinsa kuwa ita ce takardar haraji, da jangali in yana da shanu. Magidanci yakan sayar da akuya ko hatsin da zai ci da bazara don ya biya haraji, wanda ya kasa kuwa ya san abin da ke jiransa a ƙofar dagaci. Duk wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai gane siyasar ƙasar Kano ba har abada.

A cikin wannan hali ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, da alamar tauraro da taken Sawaba. Jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello, mai alamar fartanya, ita ce sarakuna da ma'aikatan En'e suka tsaya wa. Zaɓen 1951 na hawa-hawa ne: ƙauye ya zaɓi wakilai zuwa gunduma, gunduma ta zaɓa zuwa gaba, har a kai Lardi, En'e kuma tana da ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe. 'Yan NEPU sun yi abin a zo a gani a matakan farko a Kano, amma kafin a kai ƙarshe an tace su tas. A zaɓen Tarayya na 1959 kuwa, lokacin da kowane ɗan takara yake da akwatinsa da alamarsa a cikin ɗakin sirri, NPC ta sami kujera 134, NEPU ta sami 8.

Mai raina ƙauye zai ce, to, ai ga shaida nan, talaka bayan sarauta yake bi. Amma fa a tuna da halin da aka yi zaɓen. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari na En'e ne, izinin yin lacca a kasuwa ma daga hannun En'e yake fitowa. Mutumin da ya ɗaga tauraro a ƙauye yana iya kwana a ɗaure bisa zargin zagin sarki ko taro ba izini. Bugu da ƙari, matan Arewa ba su da ƙuri'a ko ɗaya a duk tsawon Jamhuriya ta Farko. Wanda aka ɗaure wa ƙafa ba a ce masa ya ƙi gudu. Gwajin gaskiya bai zo ba sai da aka kwance igiyar: bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe En'e ɗin kanta.

SHEKARAR MABUƊI

Da aka buga gangar siyasa aka zo zaɓen 1979, jam'iyyu 5 ne suka shiga fage: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. A wannan karo mata sun fito babban zaɓe na ƙasa tare da maza. NPN mai gida da masara ita ce ke da manyan attajirai da akasarin masu sarauta. PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ba ta da kuɗin da za a ambata. Amma da aka ƙirga ƙuri'u, wajen kashi 3 cikin 4 na masu zaɓen Jihar Kano Malam suka ba wa a zaɓen Shugaban Ƙasa, suka kuma ɗora Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a kujerar Gwamna. Mazaɓar Birnin Kudu ta ɗauko wani saurayi ɗan ƙauyen Bamaina, wanda bai wuce shekara 31 ba, watau Sule Lamido, ta turo shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a nan Ikko ƙarƙashin PRP.

Wannan ƙuri'a ta manoman ƙasar Kano ba a Kano ta tsaya ba, sai da ta girgiza Nijeriya baki ɗaya. Tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya sami kashi 25 cikin 100 a kashi 2 cikin 3 na jihohi kafin ya zama Shugaban Ƙasa, jihohin kuwa 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, ta 13 ita ce Kano, inda abin da ya samu bai kai kashi 20 ba. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, lauya Richard Akinjide ya kawo lissafin nan na sha biyu da biyu bisa uku, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasara a watan Satumba, aka rantsar da shi ran 1 ga Oktoba 1979. Ashe mutumin da ake cewa ba shi da ra'ayi, shi ne ya sa manyan alƙalan ƙasa suka zauna lissafi.

Rimi yana hawa mulki ya soke haraji da jangali. Yaran yau ba za su san nauyin wannan mataki ba, amma dattijon da ya taɓa tsugunawa a ƙofar dagaci ya sani. Daga ranar, talakan karkara ya ga da idonsa cewa takardar da ya jefa a akwati tana iya sauke masa kaya daga ka. Gani kuwa ya kori ji.

Sai dai ba a je ko'ina ba PRP ta dare gida biyu, aka sami 'yan Santsi, ɓangaren Rimi da Balarabe Musa na Kaduna, da 'yan Taɓo waɗanda suka tsaya tare da Malam. Sule Lamido yana cikin Santsi. Malam Aminu Kano ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, Allah Ya jiƙansa. Rimi ya ajiye kujerar Gwamna ya nemi ta biyu a ƙarƙashin NPP, amma sai Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kada shi. Lalle zaɓen 1983 ya sha ƙorafin maguɗi a ƙasa baki ɗaya, amma abin lura a nan shi ne, Gwamnan da ya soke haraji, da ya ajiye mabuɗin Malam, jama'a da yawa ba su bi shi ba. Alheri yana da daraja a wurin mutumin ƙauye, amma amanar jagoran da ya yarda da shi ta fi. Ran 31 ga Disamba na shekarar soja suka naɗe tabarmar duka.

DOKI DA ZAƁEN 12 GA YUNI

Ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga Kano, da hedkwata a Dutse, Birnin Kudu ya faɗa cikin sabuwar jiha. Jam'iyyu biyu ne gwamnati ta kafa a lokacin, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Tsoffin 'yan Santsi suka taru a SDP, Sule Lamido ma har ya zama Sakatarenta na ƙasa. A zaɓen gwamnoni na Disamba 1991, wanda aka yi ƙato bayan ƙato, kowa yana ganin layin da maƙwabcinsa ya tsaya, Jigawa ta zaɓi lauya Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP. Watau zaɓaɓɓen Gwamnan jihar na farko ɗan wannan gari ne. Ya yi mulki daga Janairu 1992 zuwa Nuwamba 1993.

Abin da ya fi shafar ɗan Arewa mazaunin ƙasar Yarabawa shi ne zaɓen 12 ga Yuni 1993. 'Yan takara biyu ne: Cif M.K.O. Abiola, Bayarabe ɗan Abekuta, a SDP, da Alhaji Bashir Othman Tofa, Bakano, a NRC. In da gaskiya ne cewa mutumin karkara harshe da gari kaɗai yake bi, da Tofa ya kwashe Jigawa ba tare da gumi ba. Amma Abiola ne ya yi rinjaye a Jigawa, ya kuma yi rinjaye a Kano, mahaifar abokin karawarsa. Gwamnatin soja ta soke zaɓen, amma ba ta iya soke wannan shaida ba. Duk ranar da wani a kasuwar Mile 12 ko Bodija ya ce mutanen Arewa ƙabilanci ne ke yi masu zaɓe, ga amsa nan a hannu, manoman Jigawa ne kuwa suka rubuta ta.

LEMA, ALƘALAMI DA TSINTSIYA

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, Sule Lamido ya nemi Gwamna a PDP mai lema, amma Jigawa ta zaɓi Ibrahim Saminu Turaki na APP. Shugaba Obasanjo ya naɗa Lamido Ministan Harkokin Waje, ya riƙe daga 1999 zuwa 2003. A 2007 ya ci kujerar Gwamna, ya sake ci a 2011. Cikin ayyukan da aka san gwamnatinsa da su akwai alawus na Naira 7,000 a wata ga naƙasassu, da filin jirgin sama na Dutse, da jami'ar jiha a Kafin Hausa. A waɗannan zaɓuɓɓuka biyu, kujerar Majalisar Wakilai ta Birnin Kudu da Buji tana hannun PDP, Sabo Muhammad Nakudu ne a kanta.

A nan ya kamata a tsaya a dubi watan Afrilu na 2011 da kyau. Ran 16 ga wata aka yi zaɓen Shugaban Ƙasa, Jigawa ta ba marigayi Janar Muhammadu Buhari na CPC mai alƙalami rinjaye a kan Shugaba Goodluck Jonathan, alhali Gwamnan jihar ɗan PDP ne. Ran 26 ga wata, bayan kwana 10 kacal, aka koma rumfunan nan, mutanen nan, suka mayar da Gwamnan PDP kan kujerarsa. Mutumin da bai yi makarantar boko ba, wanda alama kawai yake dubawa a takarda, ya dangwala wa alƙalami a sama, ya dangwala wa lema a ƙasa, yana sane da abin da yake yi. Wannan aikin mai tunani ne, wanda ya san bambancin abin da yake nema a Abuja da abin da yake nema a Dutse.

A 2015 guguwa ta canja. An haɗa APC mai tsintsiya, kalmar "sak" ta cika kasuwanni da rediyo, watau daga sama har ƙasa jam'iyya ɗaya. Buhari ya sami ƙuri'a fiye da 880,000 a Jigawa, Jonathan ya sami wajen 140,000. Muhammad Badaru Abubakar na APC ya zama Gwamna. A gidan Lamido kansa, kujerar Birnin Kudu da Buji ta koma APC a hannun Magaji Da'u Aliyu, shi kuwa Nakudu, wanda ya bar lema ya kama tsintsiya, ya wuce Majalisar Dattawa. A 2019 aka yi ta 'yan gida biyu a kan kujerar Sanata ta Jigawa ta Kudu maso Yamma, Nakudu da Mustapha, ɗan Sule Lamido, Nakudu ya yi nasara.

Bayan shekara 8 ana shara da tsintsiya, sai ga 2023. Buhari ba ya kan takarda, tsadar rayuwa ta yi tsanani, canjin takardun Naira ya sa kuɗi sun ɓace daga hannun jama'a ana dab da zaɓe. Kujerar Birnin Kudu da Buji ta dawo PDP, haka ma kujerar Sanatan yankin. A jiha kuwa, Bola Ahmed Tinubu ya sami ƙuri'a 421,390, Atiku Abubakar 386,587, Rabi'u Musa Kwankwaso 98,234. Karo na biyu ke nan Jigawa ta sa Bayarabe a gaban 'yan Arewa. A zaɓen Gwamna, Malam Umar Namadi na APC ya kada Mustapha Sule Lamido na PDP da tazara mai faɗi.

ABIN DA TARIHIN YA NUNA

In aka jera waɗannan shekaru, za a ga zare huɗu ne suka saƙa ƙuri'ar Birnin Kudu.

Na farko shi ne tunawa. Siyasar talakawa da NEPU ta shuka, PRP ta girbe, ba ta mutu da mutuwar jam'iyyun ba. Ta bi mutanenta daga mabuɗi zuwa doki, daga doki zuwa lema. Sunan jam'iyya yana canjawa, amma a ƙauye an san gidan da kakansu ya sha ɗauri saboda tauraro, an san gidan da ya tsaya wa fartanya, wannan sani kuwa yakan biyo jini.

Na biyu shi ne ɗan gida. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin ƙauye yana son wanda zai iya sallama a ƙofar gidansa ran da matarsa take kan gwiwa, ko ran da ɗansa ke neman makaranta. Wanda ke zuwa jana'iza da suna, wanda ya san sunan mahaifinsa. Garin da ya fitar da Gwamna biyu da Minista da Sanata ya ga amfanin wannan a zahiri. Amma 2015 da 2019 sun nuna cewa ɗan gida ma yana da iyaka, musamman in 'yan gidan sun zama biyu.

Na uku shi ne amana. Sau biyu a tarihin nan an sami mutumin da talakan karkara ya gaskata cewa ba zai ci dukiyar jama'a ba, watau Malam Aminu Kano da Janar Buhari, dukansu biyu kuwa sun sami ƙuri'ar da kuɗi ba su saya ba. Ko sun cika burin da aka ɗora masu, wannan wata muhawara ce ta daban, kowa yana da nasa ra'ayi. Abin da ba a gardama a kai shi ne dalilin da ya sa aka bi su.

Na huɗu shi ne ciki. Farashin buhun taki, kuɗin mota zuwa kasuwa, rijiyar burtsatse mai aiki, malami a aji, magani a asibiti, da abin da kwanon gero yake a tsakiyar damina. Manomi ba ya karanta kasafin kuɗi, amma rumbunsa yana gaya masa gaskiya kowace safiya.

To, ina maganar sabulu da taliya? Ba a ɓoye ta, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ana raba kuɗi da atamfa da kayan abinci a lokacin zaɓe, a ƙauye da birni, wasu kuma suna sayar da ƙuri'arsu. Dalilin a fili yake: talauci, da kuma sanin cewa wani ɗan takarar ba za a sake ganin ƙeyarsa ba sai bayan shekara 4, don haka gara a karɓi na hannu. Wannan ciwo ne, maganinsa kuwa wajibi ne a kan malamai da shugabannin jam'iyyu da duk mai faɗa a ji. Amma in da kuɗi ne kaɗai ke yanke hukunci, da PRP ba ta ci Kano a 1979 ba, da kuma jam'iyyar da ke riƙe da Abuja da Dutse gaba ɗaya ba ta faɗi a 2015 ba. Kuɗi suna tasiri ne in takara ta yi kunnen doki, ko in jama'a sun fid da rai daga kowa. In zuciya ta riga ta yanke, ana karɓa a soke a aljihu, a shiga a dangwala wa wanda ake so.

Hukuncin kuwa ba ranar zaɓe ake yanke shi ba. Ana yanke shi a dandali bayan sallar isha'i, a gindin bishiyar kasuwa, a bakin masallacin Juma'a, a wurin mai shayi inda rediyo ke buɗe, da cikin gidaje wurin biki da suna, inda mata ke tasu shawara. Tun 1979 mata suka zama rabin lissafi, duk ɗan takarar da ya manta da su kuwa yakan tuna a makare. A zamanin nan an sami ƙarin wata murya a dandalin, watau wayar ɗan da ke Kurmi, wanda ke aiko da kuɗin taki da na Sallah. Maganarsa tana da nauyi a gida, shi ya sa ya wajaba ya san abin da zai faɗa.

RABON MAZAUNIN KURMI

Yanzu sai a juyo da madubin. A zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. A Jigawa wajen kashi 40 suka fito. A Jihar Ikko, mai jami'o'i da jaridu da gidajen talabijin, ba su kai kashi 20 ba. Manomin da ake yi wa dariya ya taka da ƙafa ya tsaya a rana, ɗan birni yana kwance a ɗaki yana sharhi.

Ɗan Arewa mazaunin Kurmi kuwa sau da yawa yakan faɗa tsakiya, bai yi a can ba, bai yi a nan ba. Katinsa na Babaldu ne ko Kantoga, shi kuwa yana Idi-Araba. Ranar zaɓe an hana zirga-zirga, kuɗin motar zuwa gida ya fi ƙarfinsa, sai ƙuri'ar ta mutu a aljihu. Alhali kuwa doka ta ba shi hanya biyu. In zuciyarsa tana gida, ya yi tanadi tun da wuri ya tafi ya yi zaɓe a rumfarsa. In kuwa a nan sana'arsa da iyalinsa suke, hukumar zaɓe tana mayar wa mutum rajistarsa zuwa inda yake zaune, muddin ya nema tun da sauran watanni, lokacin da aka buɗe rajista. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kada kuma wani ya ce ƙuri'ar baƙo ba ta da amfani a garin mutane. Zaɓaɓɓu ne ke yanke hukunci a kan rumfar kasuwa da kuɗin tasha da makarantar 'ya'ya; zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Ikko a watan Yuni 2022, kowa a wannan zaure ya san wanda abin ya taɓa. A zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu a Jihar Ikko ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba, adadin da bai fi na mutanen unguwar Hausawa guda ba. Ɗan siyasa ko'ina yake, a Dutse ko a Ikeja, mai kati yake gaisarwa.

Saboda haka abin da Birnin Kudu yake koya wa 'ya'yansa da sauran 'yan Arewa na Kurmi a taƙaice yake. Iyayen da aka baro a gona sun yi zaɓe ƙarƙashin sandar ɗan doka, sun yi a layi kowa na kallon kowa, sun yi da na'urar tantance yatsa. Sun ɗora, sun sauke, sun kuma raba ƙuri'a a lokacin da suka ga dama. Wanda zai buga masu waya ya ba su shawara, to, ya fara da girmama hankalinsu, ya tambayi abin da suka gani kafin ya faɗi abin da ya ji. Sa'an nan ya duba aljihunsa ya ga ko nasa katin yana nan, da kuma sunan rumfar da ke rubuce a jikinsa.

Allah Ya ba ƙasa shugabanni masu tausayi da tsoron Allah, Ya ba manoma damina mai albarka, Ya buɗa wa matafiya kasuwa, Ya zaunar da kowa lafiya da maƙwabtansa.